Dan Allah wa ke ajiye takardun asibiti a cikin waya? Ina neman shawara

Autar Mama:

Salamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masu sani ku taimaka min. Mahaifiyarmu tana da ciwon suga da hawan jini, yau wajen shekara tara kenan ana ta fama, kuma ni ce a gabanta, ni ke kai ta asibiti ni ke karɓo magani. Takardunta kaf suna cikin wata jaka da yanzu ko zif ɗinta baya rufuwa, katin asibiti har uku, sakamakon gwajin jini, hoton zuciya, na ido, da kwalayen magani da nake yagewa in ajiye saboda suna, komai dai a cakuɗe.

Abin da ya sa na kawo maganar, sati biyu da suka wuce cikin dare jikinta ya rikice, sai gumi take tana magana ba kan gado, muka kwashe ta sai emajansi, a ruɗewar nan wa ya tuna da wata jaka. Likitan ya ce wane magani take sha, na ce na suga da na hawan jini, ya ce sunansu fa, wlh kaina ya ɗauke ɗif, sai cewa nake akwai wani fari ƙarami da wani dogo da wani mai ruwan ƙwai. Ni da nake ba ta maganin nan da hannuna safe da dare! Ya ce miligiram nawa, na yi tsuru-tsuru. Ashe sugan ne ya faɗi ƙasa sosai, Allah ya taimaka suka shawo kansa, amma sai da ƙanina ya koma gida ya ɗauko jakar muka zazzage ta kan benci muna tono kamar masu neman allura.

To tun ranar nake tunanin in mayar da komai cikin waya tunda ita dai duk inda zan je tana hannuna. Tawa iPhone ce, akwai manhajar nan mai hoton zuciya, Health, ban taɓa buɗe ta ba sai dai in ga tana ƙirga min taku. Ita Mama Samsung ce da ita. Tambayata, da gaske ana iya ajiye takardun asibiti a ciki? Likitoci suna yarda su duba waya ko za su ce sai takarda? In wayar ta ɓata fa? Sannan ina tsoron kar sirrin baiwar Allah ya tafi inda ban sani ba. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min gsky, ba wanda ya ji an ce ba.

Nas Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kar ki ji kunya, abin da ya faru da ke kusan kullum sai mun gani, mutum ya shekara goma yana shan magani amma da launi ya san shi.

Bari in fara da dalilin da ya sa likitan ya matsa miki kan suna, don ba wulaƙanci ba ne. Magungunan suga ba ɗaya ba ne. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa haka, amma irin su glibenclamide suna yi, kuma yana daɗewa a jiki, sai a ɗago da sugan ka ga mutum ya farfaɗo yana hira, bayan wasu awanni ya sake faɗuwa, musamman tsofaffi da masu matsalar ƙoda. To kinga sanin sunan shi zai nuna a sallame ta ne ko a riƙe ta a ci gaba da aunawa.

Yanzu maganar waya. Eh muna dubawa, ba wanda zai ƙi, amma ki sani a emajansi ba mai lokacin da zai tsaya kina jan allo kina cewa bari in nemo. Na sha ganin wanda zai miƙo min waya da hoto ɗari huɗu, takardar asibiti a tsakanin hotunan yara da bidiyo, wasu a karkace wasu a dishi-dishi, wannan da jakarki duk ɗaya ne, jakar ma ta fi don ita ana iya bazawa a gani. Abin da muke so shafi ɗaya ne tak wanda za a karanta cikin minti ɗaya: sunanta da shekarar haihuwa, cututtukan da likita ya tabbatar da shekarar da aka gano kowanne, magunguna, abin da jikinta baya karɓa, tiyatar da aka taɓa yi mata, da lambar mutum biyu da za a kira.

Wajen magani ki rubuta sunan asali, wanda ake sa wa da ƙananan haruffa a ƙasan babban sunan kwali, don babban sunan na kamfani ne, magani ɗaya sai ya fito da suna goma. Ki sa miligiram da sau nawa a rana, misali amlodipine 5mg sau ɗaya da safe. Wanda aka dakatar kar ki goge shi, ki rubuta an daina, ranar kaza, saboda kaza, watakila ya kumbura mata ƙafa ne ko ya sa ta tari, in ba haka ba wani likitan zai sake rubuta mata shi. Haka maganin da jikinta ya ƙi, kar ki tsaya a cewa penicillin baya karɓarta, ki faɗi me ya faru, ƙuraje ne suka feso ko numfashi ne ya sarƙe, tsakaninsu akwai nisa sosai.

Sai abu ɗaya da yake ruɗa mutane a manhajojin nan, ma'auni. Suga ana rubuta shi iri biyu, mg/dL da mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne, wato 126 a wancan shi ne 7 a wannan. In na'urarki ta gida tana ba da 126 ita kuma manhajar an saita ta a ɗayan, rubutun ya zama shirme. Ki duba saitin tun farko. Ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ya yi ƙasa kenan. Kuma duk lambar da kika shigar ki nuna kafin cin abinci ne ko bayansa, lamba tsirara ba ta gaya mana komai. Gwajin HbA1c kuwa ki riƙe shi da kyau da ranakunsa, shi ne ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, da na ƙoda wato creatinine. In likita ya ga guda huɗu ko biyar a jere ya fi masa amfani da tulin takarda.

Amma ga gargaɗin da ya sa ma na zauna rubuta wannan dogon bayani: kar ki kuskura ki zuba bayanan Mama a cikin Health ɗin wayarki. Manhajar nan ta mai wayar ce, mutum ɗaya take ɗauka. Akwai wani sashe a ciki, Medical ID, da ake buɗewa ko waya tana kulle, don masu taimakon gaggawa. Allah ya kiyaye, in ke wani abu ya same ki aka ɗaga wayarki aka ga mai suga ce, tana shan kaza, rukunin jini kaza, ai ke za a ɗauka. Nata ki sa a wayarta, Samsung ma suna da wurin bayanan gaggawa a allon kulle. Ke kuma ki riƙe shafin nan ɗaya a matsayin fayil mai sunanta ɓaro-ɓaro a sama. Rukunin jini ki sa ba laifi, amma ki sani ba asibitin da zai ƙara wa mutum jini don waya ta ce O ne, sai sun gwada da kansu.

Mai Gyaran Waya:

Sista ta gama magana ta ɓangarensu, ni bari in shigo ta nawa ɓangaren, don akwai abin da mutane ke zato game da Health ɗin nan da ba haka yake ba.

Anti, manhajar ta fito ne a 2014 tare da iOS 8, farko aikinta ƙirga taku da nauyi da bugun zuciya. A 2018 suka ƙara wani sashe mai suna Health Records, wanda shi ne ake ta yabo, waya ta haɗu da kwamfutar asibiti kai tsaye, sakamakon gwaji da magani da rigakafi su riƙa saukowa da kansu. Gaskiya ne yana aiki, amma sai in asibitin ya shiga tsarin, akwai wani yare da kwamfutocin ke magana da shi ana ce masa FHIR, dole asibitin yana da shi kuma ya yi rajista. A Amurka aka fara, a 2020 aka kai Ingila da Kanada. In asibitinku baya cikin jerin, ko in har yanzu fayil ɗin takarda suke amfani da shi, to ba abin da zai sauko, duk abin da kike son gani da yatsanki za ki shigar. Kuma ita manhajar an gina ta ne don lambobi, awon jini, suga, nauyi, ba wurin jibge hotunan takardu ba ce. Sashen magunguna da suka ƙara a 2022 shi kam yana da kyau, yana tuna wa mutum lokaci kuma ana iya fitar da jerin a PDF. A ɓangaren Android akwai Samsung Health, akwai kuma Health Connect da aka saka cikin Android 14, shi aikinsa haɗa manhajoji su riƙa ba juna bayani, duk dai labarin ɗaya ne.

Don haka ni yadda na yi wa tsohona, abu biyu na raba. Lambobin kullum suna cikin manhajar wayarsa. Takardu kuma sikanin nake yi, ba hoto ba. A iPhone ki buɗe Notes ko Files akwai wurin sikanin takarda, a Android Google Drive yana yi, zai miƙe takardar ya yanke gefe ya mayar da ita PDF, in shafi uku ne ya haɗe su wuri guda. Ki shimfiɗa ta a wuri mai haske, kar inuwar hannunki ta faɗa kai, ki tabbata sunan asibiti da kwanan wata da sunan mara lafiya sun fito, mutane sai su ɗauki tsakiyar takarda su yanke kan, bayan shekara biyu ba wanda ya san ta yaushe ce ko ma ta wace ce. Ki fara da masu santsin nan irin na rasit da takardar awon zuciya, zafi ne ke rubuta su ba tawada ba, da kansu suke gogewa, inaga in kin duba jakar yanzu za ki samu wasu sun riga sun koma farare.

Sunan fayil shi ne rabin aikin wlh. Ki fara da shekara, sai wata, sai rana, sai abin da yake, kamar 2024-03-15 gwajin ƙoda. In kika yi haka wayar da kanta za ta jera su daga tsoho zuwa sabo, kuma da kin rubuta ƙoda a wurin nema duk za su fito. Folda ɗaya da sunan Mama, ki raba ta da ƙaninki yadda shi ma zai gani daga tasa, kuma ki danna mata ta zauna a kan wayar ko ba intanet, don cikin asibiti sau da yawa sabis baya shiga. In za ki tura wa likita ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil, in kika tura a hoto yana matse shi ƙananan rubutu su dagule. Hoton ƙashi da na sikanin kuwa, ɗaukar fim ɗin da waya baya wadatarwa, rahoton da likitan hoto ya rubuta shi za ki yi wa sikanin, in sun ba ku faifai ki adana shi.

Sai maganar ɓata. In kin kunna iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, da tabbatarwa mai mataki biyu, bayanan Health suna tafiya a kulle yadda ko Apple ba sa iya karantawa, kin sayi sabuwar waya kin shiga akawun ɗinki sun dawo. Amma in a kwamfuta kike ajiye kwafin wayar, sai kin zaɓi mai kulle da kalmar sirri, in ba haka ba bayanan lafiya basa shiga ciki, mutane da yawa sai bayan sun sauya waya suke ganewa. Abin da na fi gani a shago ma ba wannan ba ne, mutum ne zai zo bai san imel ɗinsa ba bai san kalmar sirrinsa ba, wani ne ya buɗe masa shekara biyar da suka wuce. Wannan ko ni ba abin da zan iya yi masa. Ki je ki duba ta Mama yau, akawun ɗin wa ke kai, wa ya san kalmar.

Kuma kar ki yarda da manhajar da ba ta da ƙofar fita. Kafin ki zuba mata komai ki nemo inda ake fitar da bayani, ki gwada. Google da kansu sun buɗe wurin ajiye bayanan lafiya mai suna Google Health a 2008 suka rufe a farkon 2012, Microsoft sun yi HealthVault tun 2007 suka rufe a 2019. In waɗannan za su naɗe tabarma ina ga wata 'yar manhaja da ba ki san mai ita ba. Shi ya sa nake son PDF, kowace waya tana buɗe shi. Ita kanta Health in kika ce ta fitar da komai wani ƙaton fayil take bayarwa da ba mai iya karanta shi sai kwamfuta, kar ki ɗauka abin miƙa wa likita ne.

Baban Biyu:

Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan zuba ruwa a maganar nan. Na yi wannan abin da kuke faɗa, shekara uku cur ina shigar da awon jinina safe da yamma a wata manhaja da na sauke, har da zane take fitarwa mai hawa da sauka, ina ta jin daɗi ina nuna wa mutane. Rana ɗaya wayar ta faɗa ruwa, na sayi wata na sauke manhajar na buɗe, fayau, ba komai, ashe duk a kan wayar take ajiyewa, in kana son ta ajiye maka a wani wuri sai ka biya, ni kuma ban taɓa lura ba. Shekara uku! Na koma wurin likita ya ce ina awon, na ce ruwa ya ci.

Tun daga nan na koma littafi, ɗan ƙarami mai bango mai tauri, na ja layi huɗu, rana, lokaci, na sama da na ƙasa, bugun zuciya. Baya neman caji, baya cewa in sabunta shi, ba talla, kuma likitan nawa ya fi son sa don yana buɗewa ya ga wata guda a shafi ɗaya har ya yi rubutu a gefe da bironsa. Kuma ku faɗi gaskiya, daren da ta ba da labari, da a ce wayar ba caji fa? Ko ita Autar ba ta gida, maƙwabciya ce ta kai Mama?

Sannan dan Allah a kiyayi manhajojin nan da ke cewa ka ɗora yatsa a kyamara su auna maka hawan jini. Bugun zuciya suna iya kamawa, amma hawan jini sai na'ura mai ɗaure hannu. Na gwada wata ta ce min 120 da 80, a take na ɗaura na'ura ta nuna 158 da 96. Waya wurin rubutawa ce kawai, awon kuma ka zauna ka huta minti biyar, hannu daidai ƙirji, ka auna sau biyu.

Nas Mai Aikin Dare:

Baban Biyu ai ba mu saɓa ba ranka ya daɗe, na manta ne ban faɗa ba. Shafin nan ɗaya a buga shi a takarda, ɗaya a jakar hannun Mama, ɗaya a manne inda kowa a gidan ya sani. A sa kwanan wata a sama, duk ranar da aka canza magani a yaga tsohon. Tsohon jeri da ba a gyara ba ya fi rashin jeri haɗari, don shi za mu yarda da shi.

Uwar Gida:

Kowa ya yi maganar ɓata, ba wanda ya taɓa tambayarta ta ƙarshe, sirri. Ni nan ne nawa tsoron yake.

Na nesa tukuna. Manhajojin kyauta ɗin nan da yawa da bayananmu suke cin abinci, ba zargi ba ne, an kama wasu. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta tuhumi masu manhajar Flo, wadda mata ke lissafin al'ada da ciki da ita, kan miƙa bayanan mata ga irin su Facebook da Google bayan sun yi alkawarin ba za su yi ba. A 2023 GoodRx, masu manhajar neman rangwamen kuɗin magani, suka biya tarar dala miliyan ɗaya da rabi kan irin wannan. Kuma mutane suna zaton dokar sirrin asibiti tana bin bayanin duk inda ya je, a Amurkan ma dokar tasu ta HIPAA asibiti da kamfanin inshora ta ɗaure, in kai ka kwashi bayaninka da hannunka ka zuba a wata manhaja, galibi ta fita daga ƙarƙashinta. Don haka in manhajar rubuta awon suga ta ce tana son lambobin wayarki da inda kike da makirfo, ki tambayi kanki me za ta yi da su.

Amma wlh na kusa ya fi ba ni tsoro. Wayoyinmu a hannun wa suke yini? Yara suna gem, ƙanwa ta ara za ta tura hoto, ka miƙa wa baƙo ya ga hoto ɗaya ya ja ya ga goma. Ni na taɓa ɗaukar wani sakamakon gwaji nawa na bar shi cikin hotuna, wata 'yar uwa tana kallon hotunan yara ta ci karo da shi, ba ta ce min komai ba, bayan kwana biyu sai ga waya daga wata daban tana min sannu da jiki. Abin da ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Tun ranar duk abin asibiti baya kwana a cikin hotuna, in na yi sikanin na goge, na shiga kwandon shara na sake gogewa don yana zama can wajen kwana talatin. Tunatarwar shan magani ma ki saita ta kar sunan maganin ya riƙa fitowa a allon kulle.

Shi kuma Medical ID da Sista ta ce, ku tuna duk wanda ya riƙe wayar zai iya buɗe shi ba tare da lamba ba, haka aka yi shi. Ki sa abin da zai ceci rai kawai. Kuma Auta, ki zauna da Mama ki tambaye ta, jikinta ne, wataƙila akwai abin da ba ta so ƙaninki ya gani ko da ɗanta ne, kar don ta tsufa a riƙa yawo da takardunta a guruf ɗin gida.

Mai Gyaran Waya:

Hajiya kin manta mutum ɗaya, mu masu gyara 😂 Gsky ne, in za ki kawo waya canjin allo ko batir ba dole sai kin ba da lambar buɗewa ba, in an gama ke ki buɗe ki gwada a gabansa. Samsung na yanzu ma suna da wani saiti na musamman don kai gyara, yana ɓoye komai naki. In za ki sayar kuma ki fita daga akawun ki wanke ta tas tukuna.

Autar Mama:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na zauna na zazzage jakar, Mai Gyara maganarka gaskiya, takardun awon zuciya biyu sun koma farare fes, sai sunan asibitin kawai. Na yi sikanin guda 41, bayana har ciwo yake. Na tambayi Mama kamar yadda Hajiya ta ce, ta yi dariya ta ce ita me za ta ɓoye, can kuma sai ta ce takardar tiyatar da aka mata ta mata kar in sa a wadda ƙanina zai gani. Da ban tambaya ba da na zuba. Akawun ɗin wayarta kuwa ashe da imel ɗin wani jikanta aka buɗe, shi ma yana can yana ƙoƙarin tuno kalmar.

Amma Sista ga abin da ya hana ni barci. Da na zo rubuta sunan asali kamar yadda kika ce, na ɗauko kwalayen ina duba ƙananan rubutun, dogon nan an rubuta metformin da glibenclamide a haɗe, shi ne wanda aka canza mata wata biyu da suka wuce a asibitin da muka koma. Farin ƙaramin kuma da take sha tun da, wanda tsohon asibitin suka rubuta, da na duba shi ma glibenclamide ne 5mg. Sunan kwalin daban ne shi ya sa ban taɓa kawo komai ba, duka biyun nake ba ta. A daren da muka kai ta emajansi kwalin dogon baya cikin jakar, yana kan firij, don haka likitan bai gan shi ba. Wannan daidai ne kuwa?

Nas Mai Aikin Dare:

Auta kar ki jira ranar da aka ba ku, yau ɗin nan ki kwashi kwalayen duka, har na hawan jinin, ki kai wa likitanta ko mai haɗa magani na asibitin, ki nuna musu biyun nan tare ki ce duka take sha, ki kuma gaya musu abin da ya faru sati biyu da suka wuce. Ni daga nan ba zan ce miki ki cire wannan ki bar wancan ba, ban ga gwajin ƙodarta ba, amma ki kira su kafin lokacin shan na gaba. Kafin nan ki auna sugan yanzu, ki sake aunawa kafin ta kwanta, kar ta tsallake abinci, in kika ga gumi ko rawar jiki ko maganarta ta fara canzawa ki auna a take, in ƙasa da 70 ne kuma tana iya haɗiya ki ba ta abu mai zaƙi ku tafi asibiti, in ba ta cikin hayyacinta kar ki ɗura mata komai a baki, ku tafi kawai.

Autar Mama:

Na auna, 94. Na kira sun ce mu zo ƙarfe biyu, kar ta sha na rana sai sun gani. Kwalayen suna cikin leda, shafin ma na rubuta da hannu tukunna, bugawa sai mun dawo tunda da alama zai canza.